Wace manhaja ce ta fi dacewa ka ɗora bayanan WiFi ɗin da ka tattara a taswira?

Toh kafin ma a zo maganar taswira, wayar da za ka zagaya da ita ita ce tushen komai. iPhone ba ta barin manhajoji su binciko WiFi na kusa, dan haka Android za ka nema, kuma ka duba tana kama WiFi na zangon 5 GHz, dan ƙananan wayoyi da yawa na zangon 2.4 GHz kaɗai suke gani, sai ka sha rana ka dawo da rabin aiki. Wani abu kuma, daga Android 9 aka taƙaita binciken zuwa sau 4 cikin minti 2, amma daga Android 10 kana iya kashe wannan a Developer options, cikin saitin wayar. Manhajar WiGLE, mai tattara WiFi ɗin da wurin da ta ji shi, kyauta ce, tana fitar maka da fayil ɗin CSV (jerin bayanai layi-layi) da KML (fayil ɗin taswira).

In aikin ƙarami ne, misali hostel ɗaya ko layukan unguwa biyu uku, Google My Maps ya wadatar, ka loda CSV ka nuna masa ina latitud ina longitud shikenan, kana iya tura wa oga link ya buɗe a wayarsa. Matsalarsa layi 2,000 kawai yake ɗauka a kowane shafi, kuma wallahi zagaye ɗaya cikin kasuwa zai iya cinye wannan. Google Earth kuwa KML yake buɗewa, ga hoton rufin gidaje, ya yi kyau wajen nuna wa mutum amma tacewa ba ta da daɗi.

Ni dai QGIS nake so, manhajar haɗa taswira. Kyauta ne shi ma, sai dai yana son kwamfuta da haƙuri, ranar farko za ka ji kamar ka rufe, amma da zarar ka gane sai ka raba launi bisa ƙarfin sigina da ake aunawa da dBm, mai ƙarfi kusan -50 dBm kore, mai rauni wajen -85 ja, ka ware na cana (tashar da WiFi ke aiki a kai) 1 da 6 da 11 ka ga inda suka cunkushe. Kuma bayananka na zaune a kwamfutarka, wannan yana da muhimmanci a wurina dan sunayen WiFi ɗin mutane ne, wani ma sunan gidansa ya sa. Akwai kuma Ekahau, amma shi na kamfanoni ne masu auna cikin manyan gine-gine, tsadarsa ba ta mai aikin unguwa ba ce.

Ko wanne ka zaɓa, ɗigon da ke taswira ba nan rauta (na'urar da ke ba da WiFi ɗin) take ba, kirdado ne daga inda wayarka ta ji sigina. In gefe ɗaya kawai ka bi, duk za su jeru a kan titi, dan haka ka zagaya ginin ta kowane ɓangare, a ƙafa in da hali.