Kasuwar kifi ta Oluwo a Epe, jihar Legas: tafiyar ta biya

Ni 'yar Yauri ce, a bakin Kogin Neja na tashi, shi ya sa duk shekarun da na yi a Agege bakina bai saba da kifin ƙanƙara ba. Titus da kote da shawa a kwali suke iso mana ta jirgin ruwa daga ƙasashen waje, tunda abin da masunta da masu kiwo ke samarwa a ƙasar nan bai kai rabin abin da muke buƙata ba. Ba na raina shi, yana rufa wa talaka asiri. Amma kifin da aka kama yau daban ne.

Ranar Asabar muka yi sammako ni da maigida, muka bi ta Ikorodu da Itoikin. Akwai nisa, a shirya.

Kasuwar a bakin ruwa take, kwale-kwale na sauke kaya, mata ne ke riƙe da ciniki. Ga tarwada a daro tana wutsil-wutsil, ga jatan lande, ga kaguwa. Wata dattijuwa ta riƙo hannuna tana "Alhaja, Alhaja", ta ɗago wata ƙatuwar karfasa ta buɗe min gefen kanta: ciki ja wur, ido garau, na danna tsokar da yatsa ta dawo. Na ce, "Iya, nawa?" Ta tsuga kuɗi, na taya rabi, muka yi ta ja da gutsattsarin Yarbancina har muka daidaita. Nan take ta kankare ta yanka min, ta ƙara ƙanana uku gyara.

Da dare na yi farfesu da daddawa da citta. Babu ƙarni, tsokar ba ta dagargaje ba, romon har da gardi. Sai da na kira Innata a waya.

Bandar ce ta ɓata min rai. Wadda na saya wurin wata daban waje ya bushe, ciki da danshi, kwana biyu ta yi funfuna. Wanda ya san bandar Baga ba zai gamsu ba. Sannan ƙasa caɓal take, a sa takalmin roba, a tafi da kula mai ƙanƙara a ciki. Akwai ɓangaren naman daji, har da kada da kunkuru. Ni dai wucewa na yi.

Ƙarshen wata mu huɗu ne da maƙwabtana za mu haɗa kuɗin mota mu koma.