Chantilly, Écouen, Fontainebleau ko Louvre: tikitin wace fada ya kamata ka saya?

Baƙon da ya sauka a Paris da niyyar ganin zane-zane a cikin tsohuwar fadar sarakuna yakan nufi Louvre kai tsaye, don ita ce sunan da kowa ya sani. Amma a kewayen birnin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, akwai wasu fadoji uku da aka mayar gidajen adana kayan fasaha, kuma kowacce da irin abin da take ba mai ziyara. Kuɗin tikiti ba shi ne babban abin da ke fita daga hannunka ba. Yininka ne, kuma mai bizar kwana goma ba shi da yinin zubarwa. Saboda haka kafin ka biya, ka san abin da idonka ke so: zanen fenti, aikin hannun masu sana'a, ko ginin kansa.

Abu ɗaya ya haɗa su huɗun: duka a rufe suke ranar Talata. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun ci kuɗin jirgi a banza. Fadar Versailles ce ke hutawa ranar Litinin, to kada ka gauraya su.

Chantilly, ga mai son zane

Idan zanen fenti ya kawo ka kuma yini ɗaya gare ka, Chantilly ce shawararmu. Tana arewa da Paris, kimanin kilomita 50. Gidan adana zanen da ke cikinta, Musée Condé, shi ne na biyu a Faransa bayan Louvre wajen tarin zanen tsofaffin gwanaye, da zane sama da 800. Wanda ya tara su shi ne Henri d'Orléans, mai sarautar Duke na Aumale, ɗan Sarki Louis-Philippe. Babban ginin an rushe shi lokacin juyin juya halin Faransa, shi ne ya sake gina shi daga 1875 zuwa farkon shekarun 1880. Ya bar wa cibiyar Institut de France fadar da kayanta, ya rasu a 1897, aka buɗe wa jama'a a 1898.

Sharaɗin da ya gindaya shi ne abin da ya sa tikitin nan ya cancanci kuɗinsa: ba a ba da aron kayan ga wani gida, kuma ba a canza yadda ya jera su. Ma'ana, zanen Raphael uku da ke can, da na Poussin, Ingres, Delacroix da Watteau, ba za ka taɓa cin karo da su a wani baje koli a Landan ko New York ba. Sai ka zo. Akwai kuma ƙaramin ɗaki da ake kira Santuario, inda aka ajiye ƙananan zane 40 na Jean Fouquet da aka ciro daga wani littafin addu'o'i na ƙarni na 15. Kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba, kuma ɗakin ba ya ɗaukar mutane da yawa, don haka ka fara da shi da safe kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido su iso.

Jerin nan na da yana da nasa wahala. Zane a kan zane ne tun daga tsayin ƙirji har kusan rufi, ba a bi ƙasa ko zamani ba, wasu kuma sun yi sama ƙwarai. Wanda ya saba da gidajen zamani, inda kowane zane ke da bangonsa da dogon bayani, zai ɗan rikice. Na'urar jagora ta kunne ko ɗan littafin bayani yana warware wannan. Wani abin da ke sa mutane jin an yaudare su shi ne shahararren littafin addu'o'in Duke na Berry mai zanen watannin shekara: yana gidan, amma haske na cinye fentinsa, don haka kwafi ake nunawa a kullum.

Mai karatu Musulmi zai so ya san wannan: Duke na Aumale shi ne hafsan da ya afka wa sansanin Amir Abdulƙadir a Aljeriya a 1843, kuma littattafan Larabci rubutun hannu da aka kwaso daga wurin suna cikin ɗakin karatun fadar har yau. Ba kullum suke a baje ba, amma sanin inda suka fito yana canza yadda mutum ke kallon gidan.

Tikiti iri-iri ne, nan ne ake kuskure. Akwai na lambu kaɗai, mai araha, wanda ba ya shigar da kai wurin zane ko kaɗan. Akwai na yini ɗaya da ya haɗa fada, lambu mai faɗin hekta 115 da André Le Nôtre ya tsara wani sashensa, da babban bargar dawaki ta ƙarni na 18 mai tsawon mita 186, wadda ke da gidan tarihin doki a ciki. Na yinin nan za ka saya. Wasan dawaki a filin bargar da kuɗinsa daban, haka ɗakunan kwanan Duke ɗin, waɗanda sai da ɗan jagora ake shiga. Mai son doki da kayan doki, sirdi, linzami da likkafa na ƙasashe daban-daban, ya ware wa bargar awa ɗaya cur.

Hanya: daga tashar Gare du Nord ka hau jirgin TER zuwa Chantilly-Gouvieux, kimanin minti 25. Daga tashar zuwa ƙofar fada tafiyar ƙafa ce ta minti 20 zuwa 25, ko ka jira bas. Chantilly tana lardin Oise, wajen Île-de-France, yankin da Paris ke ciki, saboda haka Navigo, katin hawa jirgi da bas na yankin, da tikitin cikin Paris ba sa kai ka can. Ka sayi tikitin TER na musamman, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara. Fadar na rufewa na wasu makonni a watan Janairu, a watan Yuni kuma ranakun manyan tseren dawaki garin na cika maƙil.

Écouen, ga mai son aikin hannu

Wannan ita ce mafi araha, mafi kusa, kuma mafi shiru. Kimanin kilomita 20 ce daga Paris. Anne de Montmorency, babban kwamandan sojan Faransa, ya gina ta daga 1538, Napoleon ya mayar da ita makarantar 'ya'ya mata na waɗanda aka ba lambar girma ta Légion d'honneur, sannan a 1977 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihin ƙasa na zamanin farfaɗowar fasaha a Turai, wato ƙarni na 16.

Zanen fenti kaɗan ne a nan. Abin da ke akwai shi ne saƙa, sassaƙa, ƙira da ginin tukwane. Babban abin kallo saƙaƙƙen labulen bango ne mai ƙyalle 10, tsawonsa mita 75, wanda aka saƙa a Brussels a farkon ƙarni na 16 da ulu, siliki da zaren zinariya da azurfa. Labarin Dawuda ne yadda Baibul ya kawo shi, da siffofin mutane cikin tufafin fadar Turai, don haka wanda ba ya son kallon irin wannan ya sani tun daga gida. Akwai agogo mai siffar jirgin ruwa da aka ƙera da ƙananan mutane masu motsi, akwai murhunan ɗumama ɗaki masu zane a jikinsu, sannan akwai ɗaruruwan farantai da tulunan Iznik na Daular Usmaniyya, masu furanni shuɗi, ja da kore. Maƙeri, masaƙi, maɗinki ko mai zanen gini zai fi ƙaruwa a nan fiye da ko'ina cikin huɗun.

Tarkon Écouen shi ne hutun rana. Gidan na rufewa da ƙarfe 12:45, ya sake buɗewa ƙarfe 2:00. Wanda ya iso ƙarfe 12 zai ga ɗaki biyu ko uku a fitar da shi. Ko dai ka kasance a ƙofa ƙarfe 9:30, ko ka bari sai 2:00. Jirgin layin H daga Gare du Nord yana kai ka Écouen-Ézanville cikin kimanin minti 25, daga nan bas ko tafiyar minti 20 ta cikin daji, mai ɗan hawa, mai taɓo idan an yi ruwa. Awa biyu da rabi sun isa.

Fontainebleau, ga mai son ginin kansa

A nan ba zane aka rataye a bango ba, bangon ne zanen. Sarki François na ɗaya ya kawo gwanaye daga Italiya, Rosso Fiorentino da Primaticcio, a shekarun 1530, suka yi wa dogon zaurensa ado da fenti, farar ƙasa mai siffofi da katakon goro. Ɗakuna kusan 1,500 ne, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, kuma a nan Napoleon ya sauka daga mulki a Afrilun 1814, ya yi wa dakarunsa ban kwana a gindin matakala mai siffar kofaton doki. Ɗakin gadon sarautarsa na nan da kayansa.

Ta fi dacewa da iyali: wurin da faɗi, shiga lambun kyauta ne, yara na da inda za su sake. Amma wanda ya zo neman fitattun zanen da ya gani a hoto zai koma da ƙishinsa. Ƙananan sassa, kamar gidan kayan Sin na Sarauniya Eugénie, ba kullum suke buɗe ba, wasu kuma sai da jagora. Jirgin layin R daga Gare de Lyon zuwa Fontainebleau-Avon minti 40 ne, sai bas zuwa fada. Navigo na dukkan shiyyoyi yana aiki, kuma tun Janairun 2025 tikitin jirgi a cikin Île-de-France farashi ɗaya ne ko ina za ka, ban da filayen jirgin sama.

To ita Louvre fa?

Ita ma asalinta ganuwa ce, Sarki Philippe Auguste ya gina ta wajen 1190, kuma harsashinta na nan a ƙarƙashin sashen Sully, ana zagaya shi da ƙafa. Ta zama gidan zane a 1793. Ba abin da ya kai ta yawa, har da sashen fasahar ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2012. Sai dai ita ce mafi tsada, kuma daga Janairun 2026 baƙin da ba 'yan yankin tattalin arzikin Turai ba suna biyan Yuro 32, wanda ya shafi mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana. Sai ka kama lokacin shiga ta intanet tun da wuri, kuma jakar da ta wuce santimita 55 da 35 da 20 ba ta shiga. Idan za ka, zaɓi sashe biyu ka tsaya a kansu. Laraba da Juma'a ana kaiwa ƙarfe 9 na dare, da yamma kuma cunkoso na raguwa.

Katin haɗaka ko tikiti ɗai-ɗai

Katin Paris Museum Pass yana zuwa na awa 48, 96 ko 144, yana buɗe wurare sama da 50, kuma fadojin nan na cikinsu. Agogonsa na fara lissafi ne daga shigarka ta farko kuma ba ya tsayawa, ko Talata ta faɗo a tsakiya. Kowane wuri sau ɗaya ake shiga. Ba ya biyan kuɗin jirgi, wasan dawaki ko ziyarar jagora, kuma ba ya ɗauke maka kama lokaci a Louvre. Tunda Chantilly da Fontainebleau kowacce na cin yini guda, mai katin awa 48 wuri biyu ko uku zai iya gani cikin natsuwa. Ka tara kuɗin wuraren da tabbas za ka je, ka gwada da kuɗin katin. Idan Louvre na ciki tare da wasu gidaje biyu ko uku na cikin gari, katin yakan fi riba. Idan fada ɗaya ce da Écouen, sayi ɗai-ɗai.

Kada ka saya wa yaro kati. A gidajen gwamnati, wato Louvre, Écouen da Fontainebleau, 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga ko daga wace ƙasa suke, sai dai a riƙe fasfonsu. Rangwamen 'yan 18 zuwa 25 na mazauna Turai ne kawai. Chantilly ba ta gwamnati ba ce, yaran da suka tasa suna biyan ragin kuɗi. Écouen kyauta ce ranar Lahadin farko ta kowane wata, Fontainebleau ma haka ban da Yuli da Agusta, amma a ranar ba ku kaɗai kuka san da garaɓasar ba.

Tikiti a shafin gidan kansa ake saye. Dillalan intanet na ɗora riba, wasu kuma takardar da suke bayarwa sai an sake canza ta a ƙofa. Ka sa takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, don farfajiyoyin duwatsu ne kuma matakalu da yawa. A cikin zanen akwai siffofin tsiraici, musamman a Chantilly da Fontainebleau, mai tafiya da yara ko iyaye ya yi shirinsa. Babu wurin salla da aka keɓe a fadojin, kuma a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, don haka ka tsara fitowarka da azahar da la'asar a zuciya. Ana daina karɓar masu shiga tun da sauran lokaci kafin rufewa, kuma masu gadi na fara kulle ɗakunan nesa tun kafin lokacin da aka rubuta a ƙofa ya cika.