Shekara guda da kyanwa mai lanƙwasasshen kunne

Wata goma sha huɗu ke nan da na ɗauko Zuma daga hannun wata mai kiwon kyanwoyi a nan kudancin Kalifoniya, kuma har yau duk baƙon da ya shigo gidanmu, kafin ya zauna sai ya tambayi abin da ya sami kunnenta. Babu abin da ya same shi. Haka jinsinta yake, American Curl: kunnuwan na lanƙwashewa baya kamar ƙahon ɗan rago, gashin ciki ya fito fili.

A Zariya inda na taso ba a sayen kyanwa. Ita ke zaɓar gida, ta shigo, a zuba mata ɗan tuwo, ta rage muku ɓeraye. Abin da ya fara jan hankalina shi ne asalin wannan jinsin ma haka yake. A watan Yunin 1981 wata baƙar kyanwa mai dogon gashi, marar gida, ta zo ƙofar Joe da Grace Ruga a garin Lakewood, suka karɓe ta, suka sa mata suna Shulamith. Bayan wata shida ta haifi 'ya'ya huɗu, biyu da irin kunnenta. Daga gare ta zuriyar ta bazu. TICA, ƙungiyar rajistar jinsunan kyanwoyi ta ƙasa da ƙasa, ta amince da jinsin a 1987, takwararta CFA kuma ta ba shi damar shiga gasar baje kolin kyanwoyi sosai a 1993.

Na je wurin mai kiwon da fargaba a raina, domin na san labarin Scottish Fold, mai kunnen da ke rufowa gaba. Abin da ke karya kunnen wannan jinsin na Sikotilan yana taɓa guringuntsi da ƙasusuwan gaɓoɓi, har wasu su riƙa ɗingishi. Ban so in kawo wa yara dabbar da za ta rayu cikin ciwo saboda ta burge ido. A nan matar ta kyauta. Ta zaunar da ni, ta yi mini bayani ba gaggawa: ƙwayar gadon daban ce, kuma mai rinjaye ce, ko ɗaya daga cikin iyaye ke da ita 'ya'ya na iya ɗaukowa. Masanin gado ɗan Ingila, Roy Robinson, ya bi diddigin haihuwa 81, 'ya'ya 383, bai ga wata nakasa tattare da ita ba. Ta ƙara da cewa masu kiwo sun daɗe suna haɗa su barbara da kyanwoyin gida na gama-gari don kada jinin ya yi kusa da yawa, shi ya sa ake samunsu a kowane launi, masu dogon gashi da masu gajere.

Sannan ta kai ni wani ɗaki mai ɗumi inda wata uwa ke kwance da jarirai na kwana biyu. Kunnuwansu a miƙe suke kamar na kowace kyanwa. Sai bayan 'yan kwanaki suke fara naɗewa baya, su matse sosai, daga nan su riƙa saki a hankali, ba sa tsayawa wuri ɗaya sai kimanin wata huɗu. Masu gasa suna son lanƙwasar ta kai digiri 90 zuwa 180, amma kada bakin kunnen ya taɓa ƙeya.

Ƙorafina na farko a nan yake. Zuma na da mako bakwai na ba da kafin alƙalami, lokacin kunnenta ya naɗe tsaf, hotunan da ake turo mini ma duk na wannan lokacin ne. Ranar da na je ɗaukarta ya saki, da ƙyar ya kai 90. An faɗa mini hakan na iya faruwa, amma a gurguje aka faɗa, bayan kuɗi sun shiga. Ni ban damu ba, don ba gasa zan kai ta ba. Wanda kunnen ya kawo shi kuwa, zai ji ba a yi masa adalci ba.

Na biyun ya fi ci mini rai. Ba wanda ya ce mini ramin kunnensu kan yi ƙunci, dauɗa ta riƙa taruwa. A wata na uku na ga tana girgiza kai, tana sosa da ƙafar baya har cikin dare. Na haska fitilar waya, sai ga baƙar dauɗa ta cika ciki. Likitan dabbobi ya wanke, ya ba ni ruwan goge kunne, ya nuna mini yadda zan sa auduga a baki-baki ba tare da na zura komai ciki ba. Ya kuma sa na taɓa gindin kunnen: da tauri kamar kunnen mutum, bakin ne kawai mai laushi. In aka tanƙwara shi da ƙarfi guringuntsin na iya lalacewa. Autata kuwa tun ranar farko take cewa, "Umma, bari in miƙar mata." Da ban hana ba fa? Wannan bayani ne na minti biyar da ya kamata a yi wa duk mai saye, musamman mai ƙananan yara.

Ita kanta Zuma ba ni da abin cewa sai alheri. Nauyinta kilo uku da ɗoriya, siririya, gashinta kamar siliki, ba ya cukurkuɗewa, taje biyu a mako ya isa. Ba ta da kuka, sai ɗan guɗa-guɗa a maƙogwaro in ta ga na buɗe firij. Ko sallah na tayar, tana gefen darduma tana jira in sallame.

Zan koma wurin matar, amma ba zan ba da ko sisi ba sai ɗan kyanwar ya cika wata huɗu, na ga uwarsa da idona, na karɓi takardar rigakafi. A haihuwar su Zuma akwai namiji mai miƙaƙƙen kunne, jikinsu ɗaya, halinsu ɗaya, kuɗinsa bai kai nata ba. Irinsa zan nema mata ya zama abokin wasa.