Ranar da sabarmu ta ƙi karɓar makulli: ra'ayina kan aikin wani shagon injiniyoyi a Ikeja

Ni nake riƙe da lissafin wani dillalin albasa da tattasai, wanda muke kira Alhaji, a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma shekara huɗu ke nan muna ajiye bayanan kaya a kan wata saba, wato kwamfutar da ake ajiye bayanai a cikinta ana shiga ta intanet, da muke haya a ƙasar Jamus. A cikinta ake rubuta motar da ta taso daga Aliero ko Kano, da yawan buhunan da ta ɗauko, da wanda ya karɓi kaya bashi, da ranar da ya yi alkawarin biya. Yaran shago suna shigar da bayanai ta wayoyinsu, ni kuwa duk ranar Asabar nakan shiga cikin sabar kanta ta hanyar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, in kwafo ajiyar mako in adana a kwamfutata, saboda ban yarda dukiyar mutane ta kwana a wuri ɗaya tak ba.

Wata Asabar da safe na buɗe PuTTY, manhajar da nake shiga sabar da ita, kamar yadda na saba, sai ya rubuta mini cewa "Server refused our key", wato sabar ta ƙi makullina, fayil ɗin da nake shiga da shi a maimakon kalmar sirri, alhali kuwa ban taɓa komai ba tun makon da ya wuce. Da na bincika sai na gano cewa ɗan ƙanin Alhaji, wanda yake karatun kwamfuta kuma yake taya mu lokacin hutu, ya ɗaga manhajar sabar daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04 a daren Alhamis. Shi yana shiga lafiya lau daga sabuwar kwamfutarsa, don haka da na faɗa masa ni na kasa shiga sai ya ɗauka matsalar izinin fayiloli ce, ya buga wani umarni da ya buɗe izinin dukkan abin da ke gidan asusunmu ga kowa da kowa. Kafin gyaransa ni kaɗai nake waje, bayan gyaransa kuwa da ni da shi duk aka rufe mu. Garin neman gira aka rasa ido.

Wani abokina mai sayar da wayoyi ne ya haɗa ni da wani ƙaramin shago a Ikeja, a hawa na biyu na wani bene da ke bayan Computer Village, inda matasa uku suke aikin kula da sabobi da shafukan intanet na ƙananan 'yan kasuwa. A nan korafina na farko yake. Na aika musu saƙo ranar Asabar da hantsi, amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar, kuma abin da ta ƙunsa shi ne in zo ranar Litinin. Wanda yake tallata cewa yana kula da saba bai kamata ya ɗauki ƙarshen mako hutu ba tare da ya faɗa tun farko ba, domin motocin albasa ba su san Lahadi ba. Ranar Litinin na sha cunkoson Ketu da Ojota, na isa da tsohuwar kwamfutata a jaka, na tarar babu wuta, janareta ne yake ta ruri a ƙasan bene.

Injiniyan da ya karɓe ni Bahaushe ne haifaffen Agege, kuma abin da ya fara yi shi ne ya sa na sassauta fushina. Na ciro filashi na miƙa masa, na ce ga makullin nan ya gwada a kwamfutarsa, sai ya ja hannunsa baya ya ce, "Malam, mayar da shi aljihu. Wannan ko ni bai halatta in riƙe shi ba." Ya yi mini bayani cewa makullin SSH kashi biyu ne da aka ƙera tare. Ɗaya kamar kwaɗo yake, ana maƙala shi a kan sabar cikin wani fayil mai suna authorized_keys, kuma ko duniya ta gan shi babu asara. Ɗayan shi ne ɗan makullin sirri, wanda ba ya barin kwamfutar mai shi ko da lokacin shiga, domin abin da ake yi kawai shi ne kwamfutarka ta sa hannu da shi a kan wasu bayanai na wannan zaman, sabar kuma ta gwada sa hannun da kwaɗon da ke wurinta. Duk mai gyaran da ya ce ka turo masa makullin sirri ta WhatsApp, in ji shi, ko dai bai san aikin ba ko kuma yana da wata manufa. Na yi shiru, saboda a bara na taɓa tura shi ga wani ta WhatsApp ɗin.

Tun da ƙofar SSH a rufe take, ya sa na shiga shafin kamfanin da muke hayar sabar a wurinsa da hannuna, muka buɗe allon gaggawa da suke bayarwa ta burauza, wanda yake kai mutum gaban sabar kamar yana zaune kusa da ita. Bai sauya ko harafi ɗaya ba. Ya buɗe kundin da sabar take rubuta duk wani yunƙurin shiga, wanda a Ubuntu yake /var/log/auth.log, ya bar shi yana gudana a allo, sannan ya ce in sake gwada shiga daga kwamfutata. Dalilinsa shi ne da gangan sabar take ɓoye wa mai buga ƙofa dalilin da ya sa ta ƙi shi, don kada ta koya wa ɓarawo inda ya yi kuskure, amma a kundinta na ciki takan faɗi gaskiya. Ina danna shiga sai wani sabon layi ya bayyana, yana cewa nau'in ssh-rsa ba ya cikin waɗanda aka amince da su.

Bayanin da ya biyo baya shi ne mafi amfanin abin da na biya kuɗi a kai. OpenSSH ita ce manhajar da take tsaron ƙofar SSH a kan sabar. Tun daga OpenSSH 8.8 da ya fito a watan Satumba na 2021, an daina karɓar sa hannun makulli nau'in RSA da aka yi da tsohon lissafin SHA-1, wanda kundin ya kira ssh-rsa, sai in mai saba ya kunna shi da kansa, saboda masu bincike sun nuna cewa ana iya ƙirƙiro bayanai biyu mabambanta masu tambarin SHA-1 iri ɗaya. Ubuntu 20.04 yana zuwa da OpenSSH 8.2, wanda bai kai ga wannan doka ba, shi kuwa 22.04 yana zuwa da 8.9. Makullina na RSA lafiyarsa ƙalau, amma PuTTY ɗin da ke kwamfutata sigar 0.70 ce ta shekarar 2017, wadda ba ta iya sa hannu da sabon lissafin SHA-2 ba, domin sai a sigar 0.75 ta 2021 aka ƙara wannan. Abin da ya sa yaron Alhaji yake shiga ni ba na shiga ke nan. Injiniyan ya nuna mini cewa akwai layi guda da za a ƙara a saitin sabar ta koma karɓar tsohon sa hannun, kuma da yawa haka suke yi su karɓi kuɗinsu su sallami mutum, amma shi ya ƙi, ya ce sabunta PuTTY kyauta ne kuma bai fi minti biyu ba.

Muka sabunta, na sake gwadawa, sabar ta sake ƙi. Na fara ɓata rai, shi kuwa ko a jikinsa, ya nuna mini allo da ɗan yatsa ya ce saƙon ya canza, ke nan mun wuce ƙofa ɗaya. Wannan karon kundin ya rubuta "Authentication refused: bad ownership or modes", wato izinin fayilolin bai yi daidai ba, kuma nan ne aikin yaron Alhaji ya fito fili. OpenSSH yana da wani tsari mai suna StrictModes da yake kunne tun asali, wanda yake ƙin amincewa da fayil ɗin kwaɗuna matuƙar wani da ba mai asusun ba zai iya rubutu a cikinsa, ko a cikin foldar .ssh, ko a gidan asusun gaba ɗaya. Hikimar a bayyane take, domin in kowa zai iya rubutu a wurin, kowa zai iya maƙala nasa kwaɗon ya shigo. Ya mayar da izinin foldar .ssh zuwa 700, na authorized_keys zuwa 600, wato mai asusun kaɗai ne zai iya taɓa su, ya cire wa sauran mutane ikon rubutu a gidan asusun, ya kuma duba cewa mallakar fayilolin tana hannun asusunmu. Na danna shiga, sabar ta buɗe. Daga zamana zuwa wannan lokaci bai kai minti arba'in ba.

Sauran aikin shawara ce da na amince da ita. Tun da na faɗa masa tsohon makullina ya taɓa yawo a WhatsApp, ya sa na ƙera sabo na Ed25519 a kwamfutata, nau'in da OpenSSH yake karɓa tun 2014, na kuma ɗaure shi da kalmar sirri da na buga yana kallon taga. Ya ja kunnena cewa kwaɗon da za a liƙa a authorized_keys dole ya zama layi guda cur, wanda PuTTYgen, manhajar ƙera makullin, yake nunawa a akwatin sama, domin fayil ɗin da yake adanawa idan an danna maɓallin adana makullin fili, wato kwaɗon, yana zuwa a layuka da yawa, kuma sabar ba ta karanta wannan tsarin. Ya goge tsohon kwaɗona, ya ware wa yaron Alhaji asusunsa daban. Abin da ya ƙara burge ni shi ne bai rufe tagar da muke ciki ba sai da muka gwada sabon makullin a wata taga dabam muka ga ya buɗe.

Ana cikin haka Alhaji ya kira, da ya ji labari ya ce a daina wannan wahala a mayar da kalmar sirri kawai kamar ta banki. Injiniyan ya karɓi wayar ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, bari Malam ya faɗa maka abin da yake gani." Ya gangara cikin kundin, sai ga layuka jere babu iyaka na na'urorin da suke buga ƙofa mai lamba 22, wato ƙofar SSH, dare da rana, suna gwada sunaye irin su root da admin. Na karanta wa Alhaji kaɗan daga ciki, ya ce to a bar makullin.

Korafina na biyu kan kuɗi ne. Ba su faɗi farashi ba sai da aiki ya ƙare, kuma abin da suka yanka ya yi daidai da hayar sabarmu ta wata uku. Ban ce aikin bai cancanta ba, amma mu mutanen kasuwa ne, ciniki kafin a sauke kaya ake yin sa, kuma mutumin da aka riga aka buɗe wa ƙofarsa ba shi da bakin tayi. Na uku shi ne rashin rubutaccen bayani. Na nemi su ba ni takarda mai nuna abin da aka samu da abin da aka sauya, domin in ajiye a fayil ɗin shago, aka ce za a turo ta imel, yau mako uku ke nan ba ta zo ba duk da tunatarwa biyu da na yi. Duk lambobin da na kawo a sama daga littafin aljihuna na kwafo su, wanda na yi ta rubutu a ciki yana magana. Sannan shagon ba shi da wurin zaman baƙo na kirki, a kan kwalin firinta na zauna.

Ga ɗan kasuwar da yake da saba guda ko biyu, kuma zai iya jira zuwa ranar aiki, ina ganin wurin ya dace, da sharaɗin ya tambayi farashi tun a waya kuma ya tafi da alƙalami da takarda. Wanda kuwa harkarsa ba ta jure kwana biyu a rufe, gara ya nemi masu yarjejeniyar amsa kira a kowane lokaci. Ni dai na ajiye lambarsu, kuma mun yi da Alhaji cewa in lokacin ɗaga sabar zuwa Ubuntu 24.04 ya yi, ranar Talata za a yi shi, a shagon nan, yaron yana zaune kusa da injiniyan yana kallo.