Corolla ko BMW 328i: wacce ta fi riƙe hanya a hunturun Kanada?

Wanda ya sauka Winnipeg ko Calgary yana neman motar hannu yakan ci karo da waɗannan biyun: Toyota Corolla ta 2014 zuwa 2019, da BMW 328i ta 2012 zuwa 2016 wadda kuɗinta ya sauko har ta fara jan ido. Corolla da tayoyin gaba take ja. BMW kuwa furofela ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, irin tsarin Fijo 504. A duba bayan motar tukuna: in an ga xDrive a rubuce, mai ja da ƙafa huɗu ce, ba ita ake magana a kai ba.

A wajen tashi daga tsaye Corolla ta yi gaba. Inji da giyabos suna zaune a kan tayoyin da ke ja, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar ke danne su, don haka suna cizon dusar ƙanƙara. BMW an raba nauyinta kusan rabi da rabi. Wannan rabon ne ke sa ta daɗin tuƙi a busasshiyar kwalta, shi ne kuma ke barin tayoyin bayanta suna juyawa wuri ɗaya a bakin danja idan hanya ta daskare. Ana rage matsalar da buhun yashi biyu ko uku, kowanne kilo 20, a tura su can cikin but daidai saman tayoyin baya, a ɗaure. Kada a yi wa Corolla haka, nauyin baya sauƙaƙa gabanta yake yi, riƙon ya ragu.

A kwana ne halin kowacce ke fitowa. Idan aka shiga kwana da gudu, gaban Corolla ne ke zamewa: an karya sitiyari amma mota ta miƙe. Dalili shi ne tayoyin gaba suna aiki biyu, ja da juyawa, kuma ɗan riƙon da ƙanƙara ta bari bai ishi duka biyun ba. Sai a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a ɗan warware sitiyari har tayoyin su sake kamawa. Ƙara karya shi ƙara zamewa ne. Ita BMW bayanta ke fita. Taɓa totur kaɗan fiye da kima a tsakiyar kwana ya isa ya sa ta fara juyawa. Nan dole direba ya sa ido inda yake son zuwa, ya juya sitiyari wajen da bayan ya zame, ya sassauta totur ba tare da ya daka birki ba, sannan ya maido da sitiyarin da sauri da zarar ta kama, in ba haka ba ta wulwula ɗaya gefen. Wannan sai da sabo, kuma ba a tsakiyar babbar hanya ake koyonsa ba. A nemi filin ajiye motoci da babu kowa a gwada da ƙaramin gudu.

Duka biyun suna da na'urar da ke taka birkin taya ɗaya ɗaya don hana mota juyawa, domin Kanada ta wajabta ta a sababbin motoci tun Satumbar 2011. A bar ta a kunne. Sai dai idan BMW ta maƙale a dusa mai zurfi, a danna maɓallin da ke kusa da giya sau ɗaya a shiga yanayin DTC, wanda ke barin tayoyi su ɗan juya su haƙa hanya. Ana fita a mayar.

Birki bai san gaba ko baya ba, taya ce ke tsayar da mota. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar tayar yau da kullum ta fara tauri. BMW mai tayoyin hunturu za ta tsaya ta bar Corolla mai tayoyin bazara tana sulɓewa. Bridgestone Blizzak WS90, Michelin X-Ice Snow da Nokian Hakkapeliitta duk amintattu ne. A nemi tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a ciki, a gefen tayar. Kuma a sa huɗu. Masu sa biyu a gaban Corolla kawai don tsimi suna haɗa wa kansu haɗari, gaba zai riƙe, baya ya kufce a kwana ko wajen birki. A lardin Kebek ma sa tayoyin hunturu doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Idan zurfin zanen tayar ya gaza milimita 4 a canza, kuma a riƙa auna iska duk wata, don tana raguwa wajen psi ɗaya (ma'aunin iskar taya ke nan) duk sanda sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6.

Wajen aljihu ma akwai tazara. Corolla na ɗaukar tayoyi masu lamba 195/65 R15 ko 205/55 R16, ana samunsu ko'ina, a ɗora su a rim na ƙarfe mai araha. BMW tana son 225/50 R17, ba ta zuwa da safaya, kuma batirinta a but yake, idan an canza shi sai an yi masa rajista da kwamfuta. Ga sabon zuwa da zai fita aiki da asuba a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, Corolla da tayoyin hunturu huɗu ce zaɓi. BMW ta wanda hannunsa ya riga ya faɗa ce, kuma yake da kuɗin kula da ita.

Masu sayen tokunbo a gida su ma su duba tambarin nan na dutse. Motocin da ake kawowa daga Kanada da arewacin Amurka sukan iso da tayoyin hunturu a jikinsu. Robarsu laushi ne da ita, a kwaltar Kano zuwa Kaduna cikin watan Afrilu tana cinyewa da wuri, birki kuma ya ƙara tsawo. A cire su kafin doguwar tafiya, a kuma leƙa ƙarƙashin motar a duba bututun birki, don gishirin da ake zubawa a hanyoyin can yana cinsa da tsatsa.