Differin Gel a fuskar matashi: abin da yake yi da abin da ba ya yi

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, idan yaro ya fara kurajen balaga, abin da aka fi miƙa masa a kemis shi ne Funbact-A ko ire-irensa. Kwana uku fuska ta lafa, uwa ta yi murna. Amma wannan man maganin wasu cututtukan fata ne, ba na kurajen balaga ba. Sinadarin betamethasone da ke ciki danne kumburi kawai yake yi. In aka daɗe ana shafawa fata ta yi siriri, ta yi fari-fari, sababbin ƙuraje ƙanana su feso, ranar da aka daina kuma su dawo fiye da da. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba maganin da aka yi don wannan matsala tun asali.

Differin na kamfanin Galderma ne, sinadarinsa adapalene mai ƙarfin 0.1%, dangin bitamin A. An fara amfani da shi a Amurka a 1996, a 2016 kuma aka yarda a sayar da shi can ba tare da takardar likita ba ga ɗan shekara 12 zuwa sama. Akwai na wasu kamfanoni masu sinadari ɗaya da suka fi araha, kuma in dai adapalene 0.1% ne da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) a kwalin, aikinsu ɗaya. A famasi za a nema, ba a tiren kasuwa da rana ta gasa ba, domin ana son a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ba.

Ƙurji yana farawa ne idan matacciyar fata da maiƙo suka toshe ƙofar gashi. Adapalene yana hana wannan toshewar, yana kuma rage kumburi. Wato aikinsa hana na gobe fitowa, ba busar da na yau ba. Nan ne mafi yawan mutane suke kuskure, suna ɗiga shi a kan ƙurji ɗaya-ɗaya. Duk fuskar ake shafawa.

Ga yadda ake yi. Bayan sallar isha'i a wanke fuska da sabulu mara kaifi, a bari ta bushe sarai, kamar minti 15 zuwa 20. A matso gwargwadon ƙwayar wake ɗaya, a raba goshi, kumatu da haɓa, a shafa siriri. A kauce wa gefen ido, leɓe da lungun hanci. Lokacin isha'i ya dace ƙwarai, don kafin alwalar asuba ya samu awanninsa. Makonni biyu na farko a riƙa tsallake dare ɗaya, sannan a koma kullum in fata ta ɗauka.

Illarsa ba ɓoyayya ba ce: bushewa, saɓar fata, raɗaɗi da ja, sun fi tsanani a mako na 2 zuwa na 4. Wasu ma ƙurajen kan ƙaru a lokacin. A fatarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk inda ya ƙone yana iya barin baƙin tabo, tabon kuma ya fi ƙurjin daɗewa. Don haka yawan shafawa asara ce. A haɗa da man fuska mara maiƙo, musamman lokacin hunturu, da man kariyar rana mai SPF 30 da safe. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a nan, ya cika kaifi ga fuskar da ke kan wannan magani, haka ma dirza da soso ko lemun tsami. Man gashi mai kauri da ke gangarowa goshi shi ma yana ɓata aikin. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta shafa.

Sai an kai mako 8 zuwa 12 ake yanke masa hukunci. Wanda ya daina a mako na uku ya sha wahalar ne kawai.

A ganinmu, ga ƙananan ƙuraje masu baƙin kai ko farin kai, da fuskar da ke saurin yin tabo, shi ne na farko da za a nema. Inda yake gazawa shi ne ƙuraje masu ruwa da yawa. Nan sai a haɗa da benzoyl peroxide da safe, mai kashe ƙwayoyin cutar. Na 2.5% ya isa, na 10% ƙuna kawai yake ƙarawa. Sai dai yana cin launin tufa: hijabi, tawul da rigar filo duk za su yi dabbare-dabbare. Epiduo ya haɗa biyun a bututu ɗaya, amma ya fi zafi a farko.

In ƙuraje sun bazu har baya da ƙirji, likita kan ƙara doxycycline, ƙwayar sha mai yaƙar ƙwayoyin cuta, yawanci 100mg a rana na kimanin wata uku, ba a shan sa shi kaɗai ba tare da na shafawa ba. A haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan minti 30, in ba haka ba yana iya ƙona maƙoshi. Masu azumi su lura, shan sa da sahur a koma barci hanya ce ta jawo wannan ciwon. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi, suna hana shi shiga jiki. Mai ciki ba ta sha.

Manyan ƙuraje masu tauri da zafi, ko masu barin rami ko tudun tabo a muƙamuƙi, sun wuce Differin. A kai yaron wurin likitan fata, kamar a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra. Can ne ake ba da isotretinoin, wanda yake da ƙarfi sosai amma yana tsattsage leɓe, yana buƙatar gwajin hanta da kitsen jini, kuma yana nakasa ɗan tayi, har sai wata guda ya wuce bayan an daina sannan a ɗauki ciki. Ba a haɗa shi da doxycycline, domin tare suna iya ɗaga matsin ruwan cikin kai.