Hattara da masu tallan ƙaramin dutsen guga na matafiya

Jama'a, ina jan hankalinku kan wani ƙaramin dutsen guga da ake ta tallatawa a shafukan sada zumunta, wanda aka ce matafiyi ya jefa a jaka ya goge kayansa duk inda ya sauka. Ni na saya, kuma an cuce ni.

Bidiyon tallan ne ya ja ni: tururi na tashi, ana bi sau ɗaya riga ta miƙe sumul. An rubuta wat 1000 (wat shi ne ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja), an ce yana aiki da wutar kowace ƙasa, ga agogo a gefe yana ƙirga mintunan da suka rage kafin rangwame ya ƙare. Na tura kuɗi kai tsaye cikin asusun da suka bayar. Abin da ya iso bai cika tafin hannuna ba, sakayau kamar kayan wasan yara. A ɗakin otal na jona shi, ya ɗauki zafi, amma da na ɗora shi a kan rigar auduga sai zafin ya gudu. Na danna kwalar rigar har hannuna ya gaji, yamutsewar tana nan daram. Da na juya shi na duba da kyau, sai ga 33W, wato wat 33 kacal, an buga da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin mariƙin.

Auduga tana son zafin da ya kai kusan digiri 200 a ma'aunin Selsiyos, shi ne ɗigo uku da kuke gani a jikin takardar riga. Kai wa wannan zafi da riƙe shi a kan yadi mai danshi aikin ɗaruruwan wat ne. Don haka duk wanda ya ce muku dutsensa na wat 1000 ne kuma da wayar USB yake aiki, ƙarya yake yi. Tsohuwar kafar USB ta kwamfuta wat 2.5 take bayarwa, kuma ko mafi ƙarfin USB-C ba ta wuce wat 240. Haka ma mai cewa na caji ne: batirin hannu mai 20,000mAh, da za a ja wat 1000 daga gare shi, ba zai kai minti biyar ba.

Asarar kuɗi da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaryar da suke yi kan ƙarfin wuta, domin wannan gobara ce. Amurka tana amfani da bolt 120, Japan 100, Ingila da sauran Turai 230. Dutsen da aka ƙera don 110 ko 120 kaɗai, in aka jona shi a 230, zafin da zai fitar zai kai wajen ninki huɗu. In babu na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, robar jikinsa za ta narke a kan gado ko tebur. Kuma adaftar da suke haɗowa a kwali a matsayin kyauta ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan, bakin filogi kawai take sauyawa. Mutane da yawa ba su san wannan ba, kuma da rashin sanin nan ake cin su. Dutsen gaskiya mai aiki da wutar kowace ƙasa za ku ga an buga ƙarfin wutar biyu a jikinsa, sau da yawa har da ɗan maɓallin sauyawa.

Da na nemi a mayar mini da kuɗina, sai aka ce in aika kayan da kuɗin aljihuna zuwa wani adireshi na ƙasar waje. Bayan kwana uku saƙona ya daina shiga. Yanzu bidiyon nan dai yana yawo a ƙarƙashin wani sabon suna, da yabon masu saye iri ɗaya, kalma da kalma.

Kafin ku biya, ku ce mai sayarwa ya turo hoton rubutun da ke jikin dutsen kansa, inda wat da bolt da sunan kamfani suke. Hoton kwali bai isa ba. In ya fara kame-kame, ko ya dage sai dai ku tura kuɗi asusun wani mutum, ku rabu da shi. Wanda kuma ya riga ya saya, don Allah ya duba wannan rubutu kafin ya sake jona shi, kuma kada ya bar shi a soket ya shiga wanka.